Malam Edita, yaushe muka daina tambayar "me ya sa" a wurin aiki?

Assalamu alaikum Malam Edita,

Da fatan kana lafiya, kai da duk ma'aikatan wannan jarida tamu, ya aiki ya haƙuri da jama'a. Na daɗe ina bibiyar shafin wasiƙu, kullum sai ince yau zan rubuto gobe zan rubuto, amma dai sai yau Allah ya nufa. Kuma tun kafin inyi nisa ina roƙon arziki kar almakashinka ya ci wasiƙar nan da yawa, na san ta yi tsawo, ni kuma irin mutanen nan ne da in suka fara zance sai an ja musu riga.

Abin da ya taso da maganar wani ɗan ƙaramin abu ne da ya faru a ofishinmu, wanda in wani ya ji ma dariya zai yi. Shekarata 17 ina aiki a sashen sito na wani kamfani da ba sai na kama suna ba. Muna da wani fom da muke cikewa duk sanda kaya za su fita, kwafi uku ne, fari da shuɗi da kore. Farin ya bi kaya, shuɗin ya tafi wajen akanta, koren kuma a huda shi a zura a wani ƙaton fayil, in fayil ya cika a ɗaure da igiya a kai wani ɗaki can baya inda ƙura da gizo-gizo suke mulkinsu. Haka na tarar ana yi, haka na koya wa duk wanda ya zo bayana. To watannin baya aka kawo mana wata ɗaliba ta zo sanin makamar aiki na wata shida, in ka ganta ba ta wuce sa'ar 'yata ta fari ba. Kwananta huɗu da zuwa ina nuna mata yadda ake huda takardar a daidaita ta, sai ta ɗago kai tace "Yallaɓai, shi wannan koren waye yake karantawa?"

Wallahi Malam Edita abin da ya fito daga bakina shine "haka ake yi", har da ɗan haɗe rai don kar ta ƙara. Tace to, ta ci gaba da hudawa. Amma da na koma gida tambayar nan ta ƙi barina in sake, ina kwance ina ta juyi, wai ni da gaske waye yake karantawa? Washegari na bi sawu a ɓoye kamar wanda ya yi sata. Akanta yace shi shuɗi kawai ya sani. Odita yace tun da aka zuba komai a kwamfuta shi can yake dubawa, bai ma san ana ajiye wani kore ba. Sai wani dattijon direba da ya riga kowa zuwa kamfanin ne ya yi dariya yace ai da can akwai wani reshe da ake tura wa kwafin duk ƙarshen wata, shi ma yake kaiwa da kansa, kuma an rufe reshen tun kafin a ɗauke ni aiki. Kaga kenan shekara 17 ina huda takarda ina ɗaurewa da igiya saboda wani ofis da babu shi a doron ƙasa.

Mu tara ne a sashen, akwai masu digiri, akwai wanda yake karatun digiri na biyu ma, kuma ba wanda zan kira wawa a cikinmu. Yarinyar nan ba ta fi mu basira ba, abu ɗaya ta fi mu, ita har yanzu ba ta koyi jin kunyar rashin sani ba. Mu kuwa mun koya mun haddace. Wannan shine abin da nake son in jawo hankalin 'yan uwana ma'aikata a kai, ko kana ofis ne ko gareji ko asibiti ko aji, akwai wani ido da wani baki da kowa yake da su yana yaro, muna girma muka ninke su muka sa a aljihu, kuma aikinmu ne yake biyan kuɗin wannan ninkewar.

Duk mai ƙaramin yaro a gida ya san abin da nake nufi. Ɗan shekara uku zuwa biyar zai tsare ka da me ya sa wata yake binmu, me ya sa kyanwa ba ta magana, in ka amsa ya sake cewa to me ya sa, har sai ka kai inda kai ma ba ka sani ba kace masa tashi ka ba ni wuri. Bai damu a ce bai sani ba, don shi a wajensa rashin sani ba abin gori ba ne, yanayi ne kawai da ake fita daga cikinsa da tambaya. Zai faɗi sau hamsin yana koyon tafiya ba ya waiwaya ya ga waye ya gan shi. In ka ba shi kwali ya mayar da shi mota, anjima gida, anjima hula. To ka ɗauko mutumin nan bayan shekara talatin ka ajiye shi a ɗakin mitin, oga ya yi bayani na awa guda bai gane komai ba, a ce akwai mai tambaya, ya sunkuyar da kai yana rubuce-rubucen ƙarya a takarda, ana fitowa ya ja abokinsa gefe yace wai me mutumin nan yake cewa ne, shi ma abokin yace wallahi nima ban gane ba. Na sha yin haka, ba zan ɓoye ba.

Mu ne fa muke cewa matambayi ba ya ɓata, mu ne muke cewa tambaya rabin ilimi, gemu ba ya hana ilimi. Kuma malamanmu sun sha kawo maganar Mujahid, ɗaya daga cikin manyan tabi'ai, cewa mai jin kunya da mai girman kai ba sa samun ilimi. Amma in ka duba sosai wurin aiki kamar an gina shi ne musamman don ya haifi waɗannan mutum biyun, ƙaramin ma'aikaci kunya da tsoro sun hana shi tambaya, babba kuma girma ya hana shi, sai a haɗu a yi shiru ana ta huda koriyar takarda.

Akwai wani gwaji da wasu masu binciken halayyar yara suka yi a jami'ar MIT ta Amurka, aka buga sakamakon a 2011, wanda tun da na ji shi nake ganin kaina a ciki. Sun haɗa wani abin wasa mai bututu huɗu, kowane bututu da abin da yake yi, ɗaya in ka ja shi yana ƙara, ɗaya yana kunna fitila, akwai mai kiɗa, akwai mai ɓoyayyen madubi a ciki. Wasu yaran aka zo musu kamar malama a aji, aka ce ku duba in nuna muku yadda abin nan yake aiki, aka ja bututun ya yi ƙara. Wasu kuma matar da ke gwajin ta yi kamar ita ma tsintarsa ta yi, ta ja bututun kamar bisa kuskure ya yi ƙara ta yi mamaki, sannan ta bar musu. Yaran da aka koya wa sai suka fi tsayawa a kan bututun ƙarar nan, suka gaji da wuri, suka gano abubuwa kaɗan. Waɗanda ba a ce musu ga yadda ake yi ba su suka fi daɗewa suna juya abin, suka fi gano sauran. Ba wai koyarwa laifi ba ce, ai da ita ake saurin iya abu, amma kaga illarta, da zarar wanda ka yarda da shi yace maka ga yadda ake yi sai zuciyarka ta ɗauka iyakar abin kenan. Ni ranar da aka ɗauke ni aiki aka ja min bututu ɗaya, shi nake ta ja shekara 17.

Kuma tambayar yaro ba ƙaramin abu take haifarwa ba in ta faɗa kunnen da ya dace. A 1943 wani Ba'amurke mai ƙere-ƙere, Edwin Land, yana hutu da iyalinsa a garin Santa Fe ya ɗauki 'yarsa 'yar shekara uku hoto, sai ta tambaye shi me ya sa ba za ta ga hoton yanzu-yanzu ba. A lokacin kowa ya san sai an kai fim an wanke, kwanaki ake jira, duk wani babba mai hankali ya san haka ake yi. Da ni ne uban da tuni nace ke yi shiru ba ki san komai ba. Shi kuwa sai ya fita yawo yana juya tambayar a ransa, kuma daga nan aka samu kyamarar Polaroid da ta shiga kasuwa a 1948, wadda take fito maka da hoto cikin kamar minti ɗaya. Abin lura a nan, yarinyar tambaya kawai ta yi, shekarun da uban ya yi yana nazarin haske da sinadarai su suka ba da amsa. Wato sai an haɗa biyun, bakin yaro da kan babba, kuma ba dole sai mutum biyu ba, mutum ɗaya ma zai iya riƙe duka in bai kashe na farkon ba.

A kamfanin motoci na Toyota ma wani injiniyansu Taiichi Ohno ya mayar da wannan naci na yara ya zama ƙa'idar aiki, in matsala ta faru a tambayi me ya sa har sau biyar. Misalin da aka fi sani nasa shine inji ya tsaya, me ya sa, fis ya ƙone don nauyi ya yi yawa, me ya sa, boris bai samu mai sosai ba, me ya sa, famfon mai ba ya turawa yadda ya kamata, me ya sa, sandar cikinsa ta cinye, me ya sa, babu abin tace mai sai ɓarɓashin ƙarfe yake shiga. Wanda ya tsaya a tambayar farko fis zai canza, bayan wata biyu ya sake canzawa, yana ta cewa injin nan ba shi da kyau. Duk bakanike na ƙwarai ya san wannan ko bai taɓa jin sunan Ohno ba. Amma ka gwada yi wa oganka me ya sa sau biyar a jere ka gani ko ba takardar tuhuma za ka tarar a teburinka ba.

To a nan ne nake son in ɗan tsaya, don kar a ce ina zuga yara su je su rasa aikinsu. Gaskiya laifin ba na ƙananan ma'aikata ba ne kaɗai, kai rabin laifin ma ya fi ƙarfinsu. Yaro yana tambaya ne saboda ya san in ya tambaya ba za a kore shi daga gida ba. Ranar da aka fara gwale shi ana masa dariya a gaban mutane, ranar yake fara koyon shiru. Haka ma'aikaci. In mutum yana da iyali a wuyansa kuma ya ga yadda aka yi wa wanda ya ɗaga hannu a mitin ɗin baya, ba sai an ce masa ya kama bakinsa ba. Saboda haka maganata ta fi zuwa kan mu da muka ɗan kwana biyu, masu mutane a ƙarƙashinmu ko da mutum biyu ne. Ni da na haɗe wa yarinyar nan rai nace haka ake yi, abin da aka yi min shi na yi mata, da ba don tambayar ta hana ni barci ba da shikenan na kashe mata baki ita ma, ta koma makaranta da darasin cewa a wurin aiki ba a tambaya.

Wani zai ce to takarda ce kawai, asarar me aka yi. Haka ne, namu asarar takarda ce da igiya da lokaci. Amma akwai inda irin wannan shirun yake cin rai. Ranar 27 ga Maris 1977 a filin jirgin sama na tsibirin Tenerife na ƙasar Sifaniya jirage biyu ƙirar Boeing 747 suka yi karo a kan titin tashi cikin hazo, mutum 583 suka mutu, har yau ba a yi haɗarin jirgi da ya ci rayuka kamarsa ba. Matuƙin jirgin da ya taso da gudu zai tashi yana cikin manyan kamfaninsu, shi ne ma mai horar da sauran matuƙa a kan irin wannan jirgin. Na'urar naɗar murya ta nuna injiniyan da ke zaune a bayansa ya tambaya ko ɗaya jirgin ya bar titin kuwa, kyaftin ya amsa masa da ƙarfin gwiwa cewa eh, shi kuma bai sake nanatawa ba. Akwai wasu dalilan da suka haɗu, hazo da cakuɗewar magana a rediyo, amma wannan na ɗakin matuƙa yana cikin abin da ya sa daga baya kamfanonin jirage suka shigo da horo na musamman da ke koya wa ƙarami ya yi magana ya kuma nace, babba kuma ya saurara. Ka duba fa, sai da aka zauna aka koya wa manyan mutane masu gemu abin da ɗan shekara huɗu yake yi kyauta.

Haka wata malama a jami'ar Harvard, Amy Edmondson, da take bincike a asibitoci kan kuskuren ba da magani, ta zaci rukunin ma'aikatan jinya da suka fi haɗin kai da shugabanci mai kyau su za a samu da ƙarancin kuskure a rubuce, sai ta ga akasin haka, su suka fi yawan rahoto. Da aka bi diddigi sai aka ga alamar ba wai sun fi yin kuskuren ba ne, sun fi faɗa ne in sun yi, saboda ba sa tsoron a ci musu mutunci, sauran kuwa binnewa suke. Wannan ma halin yaro ne kafin mu lalata shi da bulala, ya zo da gudu yace na fasa kofi.

Sai kuma maganar wasa, wadda na san ita ce za ta fi ba wasu haushi, don mu a wajenmu ma'aikacin kirki shine mai ɗaure fuska tun safe har a tashi, in aka ji dariya a ofis sai a ce ba su da aikin yi. Akwai wani masanin kimiyya haifaffen Rasha, Andre Geim, shi da mutanensa suna da ɗabi'ar ware ɗan lokaci, galibi yammacin Juma'a, su gwada abubuwan da ba su cikin aikinsu, irin na bari mu gani me zai faru. A irin wannan ne a ƙasar Holan suka sa kwaɗo mai rai ya tashi ya tsaya a iska cikin wani maganaɗisu mai ƙarfin gaske, har aka ba shi kyautar Ig Nobel a 2000, wadda ake ba binciken da ke sa mutane dariya. Mutum mai tsoron zubewar girma ai daga nan zai tuba ya bar wasa. Shi bai bari ba. A 2004 a jami'ar Manchesta ta Ingila shi da Konstantin Novoselov suka riƙa manna salatif a jikin irin baƙin abin nan da ke cikin fensir suna ɓantarowa, su sake mannawa su ɓantaro, har suka samu wani ɓawo da kaurinsa ƙwayar zarra ɗaya ce tak, shi ake kira graphene. A 2010 aka ba su kyautar Nobel ta gaske a kan wannan. Salatif fa Malam Edita, irin wanda ke cikin durowar kowane ofis. Na tabbata mafi yawan gwaje-gwajen Juma'ar nan ba su haifar da komai ba, amma ai haka wasa yake, yaro ba ya tambayar ribar da zai samu kafin ya kifa kwali ya shiga.

Ni ba masanin kimiyya ba ne, ɗan sito ne, ba kuma ina cewa kowa zai ci Nobel ba. Amma bayan abin da ya faru na gwada wani abu, wata rana da aiki ya yi sauƙi nace da yaran sashenmu ku zo mu yi kamar yau muka fara shigowa ɗakin nan, kowa ya nuna abu ɗaya da bai san dalilinsa ba. Da farko suka tsaya kallon juna suna tunanin tarko ne, sai da ni na fara nace ni dai ban san me ya sa kayan da aka fi nema kullum suke can ƙurya ba, waɗanda ba a taɓawa sai shekara-shekara kuma suna bakin ƙofa. Nan fa baki ya buɗe, har mai sharar ɗakin ya sa baki, kuma shi ya fi kowa sanin inda ruwa ke zuba in an yi sama da inda ɓeraye ke shiga, mai ɗaki ai shi ya san inda yake masa yoyo, shekararsa shida tare da mu ba wanda ya taɓa tambayarsa komai sai ina tsintsiya. Rabon da in ji daɗin zuwa aiki kamar wannan satin har na manta.

Na san masu karatu za su tuna min da cewa ta yaro kyau take ba ta ƙarko, kuma abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ban musa ba, ni ma babban ne yanzu ai, kuma na ga sabbin zuwa da suka zo da zafin kai za su gyara duniya cikin sati biyu suka ɓata abin da aka yi shekaru ana ginawa. Akwai dokokin da in ka tambaya za ka tarar da dalili mai ƙarfi a bayansu, wani sai da aka yi asara ko wani ya ji rauni kafin a kafa su. Yarinyar nan ma ta tambaye ni me ya sa sai mutum biyu sun sa hannu kafin a buɗe ɗakin kaya masu tsada, wannan kam na ba ta amsa har da labarin abin da ya taɓa faruwa, ta gamsu. Kaga tambayar ba ta rushe dokar ba, sai ma ta sa yanzu tana binta da sanin dalili. Dokar da ke tsoron a tambaye ta ita ce abar zargi.

Kuma don Allah a bambance, zuciyar yaro daban yarinta daban. Yarinta kam ofisoshi cike suke da ita ba sai na yi mata talla ba, mutum da furfurarsa yana gaba da abokin aiki wata uku saboda kujera, ko ya yi fushi don ba a sa sunansa a farkon takarda ba, ko ya ɓoye fayil don kar wani ya iya aikin in ba ya nan, ko a yi masa gyara ya kumbura kamar zai fashe. Abin dariyar shine mun riƙe munanan halayen ƙuruciya gam, kyawawan muka zubar. Yara in sun yi faɗa da safe kafin azahar sun koma wasa tare, wannan ba mu ɗauko ba. Yaro in abokinsa ya iya wani abu zai ce koya min, mu kuwa sai mu ce ai ba wani abu ba ne nima na iya. Sannan ba ina cewa a yi wasa da alƙawari ko lokaci ko amanar mutane ba, wanda zai yi wa mara lafiya allura ko ya tuƙa mota cike da fasinja ba wurin bari mu gani me zai faru ba ne, a yi gwajin a inda in an faɗi ba wanda zai karye.

Wani abu da ya fi min wuya, kuma shi na fi so 'yan uwana dattawan ma'aikata su ji, shine cewa ban iya ba a gaban na ƙasa da ni. Tun da aka kawo sabuwar manhajar lissafin kaya nake fama, abin da ya kamata in gama cikin minti goma sai in kai awa, ina kwafar lambobi ɗaya bayan ɗaya da hannu, in wani ya matso in yi sauri in rufe shafin kamar ina kallon abin kunya. Kusan shekara biyu a haka. Bayan maganar koriyar takarda na cije na kira yarinyar nan nace 'yata zo ki nuna min yadda ake haɗa jimlar nan, ni fa ban iya ba. Na zaci za ta je ta ba da labari a yi ta dariya. Ko a jikinta, ta jawo kujera ta nuna min, na ɓata ta sake nunawa, na sake ɓatawa muka yi dariya tare, kafin a tashi na iya. Girman da nake ta tattali shekara biyu kar ya faɗi ko motsi bai yi ba, sai ma na lura tun daga ranar sauran yaran sun fi sakin jiki su zo su ce Yallaɓai na yi kuskure a nan tun abin bai yi nisa ba.

Game da koren kwafi kuwa, na rubuta wa manaja takarda na bayyana komai, har da sunan reshen da aka rufe da shekarar da direba ya tuna, na kuma rubuta cewa ɗalibar ce ta gano ba ni ba. Ya karanta ya jinjina kai yace lallai magana ce, amma fom ɗin an riga an bugo na shekara guda, kuma canza shi sai an kai gaban kwamiti, a bari sai zama na gaba. Zama biyu aka yi tun daga lokacin ba a kai ga maganar ba. Yarinyar ta gama wata shidanta ta koma makaranta makon jiya, ni kuma yau da safe kafin in zauna rubuta wasiƙar nan sai da na huda guda goma sha ɗaya na zura a fayil, amma na sa a raina ranar zama na uku zan ɗaga hannu in tambaya ko da kuwa ni kaɗai ne.

Na gode da ba ni fili, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wani ma'aikacin sito